Ina zan samu tafet ɗin tsohuwar Fijo 504?

Tambaya: Malam, na gaji Fijo 504 daga mahaifina, ina so in tayar da injinta. Bakanike ya ce tafet uku sun cinye, kuma mun nema a Sakkwato ba mu samu ba. Ko in sa na wata mota? Daga mai karatu a Mabera.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kada ka yarda a sa maka na wata mota don kawai sun shiga ramin. Injin 504 mai silinda 4 tafet 8 gare shi, wato 'yan ƙarafan da kamshaf (sandar ƙarfe mai kumburi da ke juyawa cikin inji) ke turawa don buɗe bawul, kuma kowanne ya riga ya ci daidai da kumburin kamshaf ɗin da yake zaune a kai. Idan an warware, a jera su bi da bi, kowanne ya koma gurbinsa. Cakuɗa su ne ke kashe kamshaf.

Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, don haka kayanta ba su ƙare ba. A leƙa Fanteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da tsoho ɗaya a aljihu, a auna kaurinsa da maikromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, ido ba ya isa. Idan na hannu ne, ka haɗa fuskokin biyu daga cikin waɗanda za ka saya: idan sun ɗan yi lilo, da sauran ƙarfi, idan fuskar ta lotsa ko ta yi ramuka, bar wa mai sayarwa kayansa ko nawa ya rage maka.

Ni dai na fi son sababbi, muddin kamshaf ɗin lafiya yake. Ranar tayarwa a shafe su da mai sosai, a riƙe injin wajen juyi 2,000 a minti ɗaya, na kamar minti 20, kar a bar shi yana sulo.