Haƙoran tsohon kan sarki: wanne ne kuskuren maɗaba'a, wanne ne aikin almakashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gyara adakar marigayi kakanmu sai na tarar da tsofaffin wasiƙu da kan sarki na zamanin Turawa. Akwai ɗaya da gefensa guda ba haƙora sam, akwai wanda hujin ya bi ta tsakiyar fuskar sarki, sannan akwai guda biyu na sule biyar, zane ɗaya, amma haƙoran ɗaya sun fi ƙanana. An ce mini irin waɗannan kuɗi ne. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kaka. Kafin komai, kada ka ɓamɓare ko ɗaya daga jikin ambulan. Sau da yawa hatimin gidan waya, musamman na tsofaffin garuruwa irin Zungeru ko Lakwaja, ya fi kan sarkin kansa daraja.

Bari mu fara da sule biyar ɗin nan, don a nan maganar take. Ana auna haƙora ne da yawan hujin da ke cikin santimita 2. Wani likita Bafaranshe, Jacques Legrand, shi ya ɓullo da wannan ma'auni a 1866, har yau kuma da shi ake aiki. In ka ji an ce "14", huji goma sha huɗu ke nan. In aka ce "13 x 11½", lamba ta farko ta sama da ƙasa ce, ta biyu ta gefuna. In naka mai hoton Sarki Joji na Shida ne, wanda ya fara fita a 1938, to kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga shi, kuma an yi ta sake buga shi shekara da shekaru da haƙora iri-iri: 13 x 11½, da 13½, da 14, da 12. Ka tuna wasu daga cikin shekarun nan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, bam ma ya faɗa wa maɗaba'ar a Disambar 1940. Kundin farashi na Stanley Gibbons ya ware wa kowane iri layinsa da kuɗinsa. Wato wannan ba kuskure ba ne, bugu ne daban, kuma rabin huji kacal yana iya raba mai araha da mai ɗan tsada.

In ba ka da katin awo, wato katin da aka yi musamman don auna haƙora, ɗora kan sarkin a kan baƙin ƙyalle, ka sa rula, ka ƙirga a hankali da gilashin ƙara girma. Rula za ta raba maka 12 da 14, amma 13½ da 14 sai da katin.

Mai gefe sumul kuwa, kada ka sa rai. Kan sarki na farko a duniya, wanda Ingila ta fitar a 1840, ba shi da huji ko ɗaya, da almakashi ake yanka shi, sai a 1854 aka fara huda su a hukumance. To amma na Arewacin Najeriya, tun daga na farko mai hoton Sarauniya Biktoriya a 1900, da haƙoransu suka zo, awo 14. Saboda haka in ka ga guda ɗaya tilo ba haƙora a gefe, abin da ya fi yiwuwa shi ne wani ya datse shi wajen buɗe wasiƙa. Ka jera shi da ɗan'uwansa: in ya fi shi ƙanƙanta, an gama magana. Masu saye ba sa yarda da irin wannan kuskure sai sun ga guda biyu manne da juna, babu huji a tsakaninsu. Wannan kam almakashi ba ya iya ƙirƙiro shi.

Wanda hujin ya ratsa fuskar sarki kuskure ne na gaske, takarda ce ta goce a cikin inji. Darajarsa tana bin girman gocewar. In haƙora sun ɗan taɓa zane ne kawai, aibi ne, farashi ma yake ragewa. In sun raba hoton har ana ganin wani yanki na maƙwabcinsa, akwai masu nema, sai dai kundin farashi ba ya lissafa irinsa, ciniki ne tsakaninka da mai so. Ka dai duba da kyau ko hujin ya fitar da siffar haruffa, don a da wasu kamfanoni kan huda sunansu a jiki saboda kada ma'aikata su sace, wannan kuwa ba kuskure ba ne.

Akwai kuma ha'inci. Wasu kan ɗauki mai yankakken gefe su yi masa sababbin haƙora. Hujin bogi yakan fito tas, ba gashin takarda a bakinsa, kuma ba ya daidaita da na gefen da ke fuskantarsa. Shi ya sa duk wanda ake zaton mai tsada ne, ba a biyan kuɗi mai kauri a kansa sai da takardar shaida daga masana irin na Royal Philatelic Society a Landan.

Ni dai da sule biyar ɗin zan fara. Ka auna su, ka duba ko haƙori ya gutsure ko gara ta ci gefe, don haƙori ɗaya da ya ɓace yana karya farashi. Kada ka kama su da yatsa, ka nemi ɗan hantsaki mai faɗin baki, ka kuma raba su da leda kafin damina, don laima na sa su manne.