Amsa: Ƙarfin mai ɗaga ƙarfe yana da iyaka?

Ɗan'uwa, ka ce ko mai ɗaga ƙarfe kullum zai yi ta ƙara ƙarfi ba tsayawa. Ina! Watannin farko nauyin da kake ɗagawa yana hawa da sauri, daga baya sai ka shekara kana neman ƙarin kilo kaɗan. Ko Eddie Hall na Ingila, da ya ɗaga kilo 500 daga ƙasa a 2016, haɓo ya yi, ya zube a wurin.

Tsoka tana saurin ginuwa, jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi kuwa a hankali take biyowa, shi ya sa kafaɗa da gwiwar hannu ke fara ciwo. Ga zafin garin Garwa na Kamaru a Afrilu, har ya wuce digiri 40. Ka mayar da atisayenka bayan asuba, ka riƙa tsallake rana.