Shafin Direba da Iyali: Miliyan Shida Gare Ni, Wace Mota Zan Saya?

Daga wani malamin sakandare, Tumfure, Gombe:

Assalamu alaikum. Na daɗe a kan babur, yanzu kuma iyali sun ƙaru: ga maiɗakina, ga yara huɗu, ga mahaifiyata da nake kaiwa asibiti duk wata. Na kwashi adashi, na sayar da ɗan filina na hanyar Dukku, na haɗa naira miliyan shida. Dillali ya nuna mini Corolla ta 2005, da Honda Accord ta 2004 mai silinda shida, da wata Mercedes da ya ce kuɗinsu ɗaya da Corollar. Gaskiya raina ya fi kwanta wa Mercedes ɗin. Garinmu Kaltungo, muna leƙawa duk ƙarshen wata. Wacce zan ɗauka?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa albarka a abin da ka tara.

Tun kafin a je ga wacce, cire dubu ɗari bakwai ko takwas daga cikin kuɗin nan ka ajiye a gefe, ka ɗauka babu su. Duk motar da ta kai shekara ashirin a duniya, a watan farko za ta nemi baƙin mai, man giya, fulogi, takalmin birki, wataƙila batir da taya biyu. Ga canjin suna a takardu, ga inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Ka zagaya Bolari ko Herwagana ka ga motocin da ke tsaye a ƙofar gida, ƙura ta rufe gilashi, taya ta sace. Da yawansu ba mugun ciwo ne ya ajiye su ba. Mai su ne ya zuba komai nasa a ranar saye, da ɗan gyara ya taso babu abin tarbarsa.

Mercedes ɗin nan ka haƙura da ita. Ban raina ta ba, mota ce mai daɗin zama da ƙarfin jiki. Amma ka tambayi kanka abin da ya sa motar da sabuwarta ta ninka Corolla a kuɗi yau ta dawo daidai da ita. Kasuwa ta san kuɗin riƙonta ne. Na'urorin lantarkinta suna da yawa, masu gane su a nan garin ba su da yawa, kuma ƙaramin abu in ya lalace sai a ce maka a jira saƙo daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko ma daga Ladipo a Legas. Mai albashin koyarwa da zai kai tsohuwa asibiti ranar da likita ya sa ba zai iya jiran mako biyu ba.

Accord ɗin kuma, wadda 'yan kasuwa ke kira EOD, da mai silinda huɗu ce da na ce a duba ta. Masu silinda shida na waɗannan shekarun an san su da ciwon giyar otomatik, ga shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ba na ba mai ɗan ƙarfi shawarar silinda shida sai da dalili.

Saura Corolla. Ta 2003 zuwa 2008 injinta 1.8 ne, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar hanya. A babbar hanya lita ɗaya takan kai ka kilomita 12 zuwa 14 in injin yana da lafiya. Abin da ya fi komai a wurina shi ne, in ta tsaya maka a Kumo ko Billiri da magariba, za ka sami bakaniken da ya san cikinta, kuma kayanta suna nan a shagon bakin titi. Ranar da ka so rabuwa da ita ma ba ta kwantai. Ka kuma sa ido kan Pontiac Vibe da Toyota Matrix na shekarun nan. Sunan Vibe na kamfanin Amurka ne, amma injinta da giyarta na Toyota ne, irin na Corollar, kuma bayanta ya fi ɗaukar buhu.

Sai dai akwai abin da dillalinka bai faɗa maka ba: ku bakwai ne, Corolla kuwa ta mutum biyar ce. Ba zan ce ka cusa yara huɗu da kakarsu a baya ku hau hanyar Kaltungo ba, hanyar da tireloli masu zuwa Yola ke bi dare da rana. Zauna da maiɗakinka ku yi lissafi. In kai yara makaranta da zuwa aiki da asibitin Mama su ne aikin kullum, fitar ku duka kuma sau ɗaya a wata, Corolla ta ishe ka, manyan yara biyu su bi motar haya ranar tafiya gida. In kuwa kusan kullum tare kuke fita, nemi mai kujera bakwai. Toyota Picnic silinda huɗu ce, ba ta wuce gona da iri a mai. Sienna ta fi faɗi da daɗi, amma silinda shida ce: daga Gombe zuwa Bauchi, wajen kilomita 150, inda Corolla za ta sha lita 12, ita sai ta nemi 16 ko 17. Kuma Sienna ta 2004 zuwa 2006 bel gare ta, wanda ake so a sauya shi duk bayan kilomita kusan 145,000. In ka saye ta, sauya shi nan take, kada ka dogara da "ai an sa sabo". Volkswagen Sharan kuwa, ita ma mai kujera bakwai, yawancin waɗanda za a kawo maka sun gama aikin haya tsakanin Gombe da Bauchi da Yola, an yi musu fenti ne kawai.

To, ko da Corolla ka tsayar, sunan ba ya warkar da mota. Wannan ɗin da ke gabanka ita za a bincika, kuma da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba na dillali ba. Dillali la'adarsa tana fitowa ne in an yi ciniki. Ba laifi ba ne, sana'arsa ce, amma ba shi zai nuna maka aibu ba.

Ku je da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita. Ɗora hannu a kan injin. In ka ji shi da ɗumi, an riga ku, ku dawo gobe. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilun gaban direba duk sun kama, musamman mai hoton inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala. Sa wani ya taka totur kai kana tsaye a bayan salansa: hayaƙi shuɗi-shuɗi inji na cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa na shiga inda bai kamata ba. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu fari-fari mai danƙo a jikinsa, rufe ka yi musu sallama.

Zancen zafi ina so ka ba shi lokaci, don a Gombe watan Maris da Afrilu rana takan kai digiri 40, kuma zafi shi ne ajalin yawancin injinan da nake gani. Duba ko fankar lagireto tana tashi da zarar an murɗa makulli ba ta tsayawa. In haka ne an haɗa ta kai tsaye, kuma galibi ana yin haka ne wa motar da ta taɓa tafasa. Kunna na'urar sanyi, ku bar ta a tsaye minti ashirin, idonka a kan allurar zafi. Sannan ku fita da ita, ba zagayen unguwa ba. Ku miƙa hanyar Bauchi ko ta Dadin Kowa ta yi gudu, ka ji yadda giya ke shiga. In tana jinkiri sannan ta buga, ko man giyar ya yi baƙi yana warin ƙuna maimakon ja, gyaran zai iya cinye duk abin da ka ajiye.

Kada ka ji kunyar durƙusawa. Leƙa ƙarƙashinta, ɗaga kafet, shinshina. Warin ruma da tsatsa a ƙafafun kujeru alamar motar da ta kwana a ambaliya ce, kuma irinta wayoyinta ba sa daina rigima. Tambayi bakanike ya duba ko an cire abin nan mai tace hayaƙi na cikin salansa da suke kira indomi, don ana yanke shi a sayar. Biya mai kwamfuta ya jona mata na'ura. 'Yan dubban da za ka ba shi ba asara ba ne. Lambar kilomita da ke gaban direba kuwa, kada ka gina ciniki a kanta, ana mayar da ita baya. Sitiyari da fedar birki da kujerar direba sun fi ta nuna yawan aikin da mota ta yi.

Sayen nagari mai da kuɗi gida, in ji Hausawa. In wannan ba ta ci jarrabawa ba, bar ta. Corolla ba ta ƙare a kasuwa ba.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Fadaman Mada, Bauchi:

Ƙanen mijina ya samo mini Camry 'yar Kwatano, tsaf da ita, kuma ta fi na kasuwa sauƙi sosai. Sai dai ya ce takardun kwastam "za a yi su daga baya". Na saya?

Amsa:

Hajiya, kada ki ba da ko sisi. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motar da ba a biya mata kuɗin fito ba, kwastam na da ikon kama ta ko shekara nawa ta yi a hannunki. Sauƙin da kika gani kuɗin kwastam ne da ba a biya ba, kuma ke zai hau wa kai wata rana a shingen hanyar Jos ko ta Kano, ga yara a mota. Ba sai kin ɓata da ƙanen maigidan ba. Ki ce masa a kammala takardun, a je ofishin kwastam a tabbatar da su, sannan a yi maganar kuɗi.

Ko da takardun sun zo, ki sa a gwada lambar jikin mota da ta takarda harafi bayan harafi. Guda 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. A motocin Amurka ta goma a jere ita ce shekara: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A kuma 2010. Da wannan za ki gane motar da aka sauya wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. In Camry ce ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, ki sani an san wasunsu da cin baƙin mai, sai a duba hayaƙinta da kyau. Ki kuma tabbatar ba wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu ba ce. Aikin walda a sitiyari ba abin ɗora rayuwar iyali ba ne.

Ranar biya, kuɗi ya bi ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takarda, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, ki karɓi kwafin katin shaidarsa.

Daga wani dattijo ɗan fansho, Azare:

Peugeot 406 ɗita ce tun ina aiki. 'Ya'yana sun matsa in sayar in sayi Toyota. Lafiyarta ƙalau.

Amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. In lafiyarta ƙalau, riƙe abarka. Ka san tarihinta tun daga farko, abin da babu mai sayen ta hannu da ke samu, kuma 406 ta yi zamani a hannun ma'aikata tun ana harhaɗa ta a Kaduna, masu gyaranta ba su ɓace a Azare da Bauchi ba. Abu biyu kawai nake roƙo yaran su yi maka maimakon sabuwar mota. Su sauya mata bel ɗin inji a kan lokaci, don nata in ya tsinke yana lanƙwasa bawul. Sannan su duba tayoyin: akwai lamba huɗu a gefen kowacce, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 mako na 23 ne a 2019. Motar ɗan fansho ba ta yawan fita, sai zanen tayar ya zauna kamar sabo alhali robar ta bushe. Duk wadda ta haura shekara huɗu ko biyar a cire ta kafin bazara, har da ta cikin but.