Ga ƙanena na Daura mai son zuwa Ingila ya yi reggae

Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama difloma, Allah ya ba ka murya, reggae da soul kake yi, kana so in nema maka makaranta a nan ka shigo da bizar karatu, in ƙafarka ta taka ƙasa sai ka kama waƙa gadan-gadan. Ba kai ne farkon mai turo mini irin wannan ba, amma kai ɗan unguwarmu ne, don haka ba zan ɓoye maka komai ba.

Bizar karatu ta Ingila ta hana abin nan da kake so ɗin. Ɗalibin digiri yana da izinin aikin awa 20 a mako lokacin karatu, amma ba shi da izinin sana'ar kansa, ba shi da izinin hawa dandali a biya shi, sai dai in waƙar ce yake karanta kuma wasan yana cikin karatunsa. Aka kama ka, a soke bizar, kuɗin makarantar da aka tara maka sun tafi ke nan. Masu zuwa wasa da gaske da takardar wanda ya gayyato su suke shigowa, kuma ba a gayyatar wanda ba a san shi ba.

Ni a Birmingham nake. Unguwar Handsworth da ke nan ita ta haifi ƙungiyar reggae ta Steel Pulse, garin nan ne kuma ya fitar da takwararta UB40. Jikokin mutanen Jamaika sun cika ko'ina, da kiɗan nan aka yaye su. Waƙoƙin da ka turo na saurara, muryar akwai wallahi, amma duk da Turancin Jamaika na aro ka yi su. Wa zai biya kuɗi ya ji kwaikwayo alhali mai abin yana maƙwabtaka da shi? Kai ruwa bakin rijiya ne wannan.

Dubi waɗanda kake kafa hujja da su. Alpha Blondy, mawaƙin reggae na ƙasar Kwaddebuwa, ya je New York a shekarun 1970, ya sha baƙar wuya, ya koma Abidjan. Talabijin ɗin ƙasarsu ce ta fito da shi, faifansa na farko ya fita a 1982, sai daga baya ya je Jamaika ya yi aiki da makaɗan Bob Marley, yana rerawa da yarensa na Julanci babu kunya. Majek Fashek sai da ya girgiza Najeriya a 1988 kafin kamfanin Interscope na Amurka ya ɗauke shi, kuma ko shi ƙasar waje ba ta yi masa daɗi har ƙarshe ba. A New York ya rasu a 2020. Ga na kusa da kai, Mdou Moctar, Buzun Nijar: a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, har Turawa suka ji suka zo nemansa.

Abin da ya fi ci mini rai a nan ba sanyi ba ne, mutane ne. Akwai wani mai shirya wasa da ya sa muka yi masa kiɗa har asuba, zaure ya cika maƙil, da muka je karɓar haƙƙinmu ya ce ai an gan mu, wannan ma riba ce. Na ɗauki jitata a baya na tsaya jiran motar dare, yatsuna sun ƙage, da safe kuma ina da aikin wanke tsofaffi a gidan kula da su. Babu takarda tsakaninmu, babu inda zan kai ƙara. Yau alhamdu lillahi ni nake zaune gaban na'ura a sitidiyo ina haɗa wa mutane sauti, ba na taɓa waya sai an sa hannu a yarjejeniya. Da gumina na kai nan, babu wanda ya ɗora ni.

Kada ka dogara da Spotify, manhajar sauraren waƙa ta intanet. Tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ko kwabo ba ta kawowa.

In shawarata kake so, ka zauna tukuna. Ka nemi mai kalangu da mai gurmi, ka ɗora su kan kiɗan reggae, ka rera da Hausarka ta Daura. Mu da jiharmu ta fitar da Shata ba mu da dalilin aron bakin wasu. Ka yi wasa a Katsina, ka yi a Kano, ka tsallaka Kwangwalam ka yi a Damagaram, a ɗauke ka bidiyo mutane suna amsa maka amshi. Ranar da ka haɗa waƙoƙi masu kyau da wannan bidiyon, turo mini, ni da kaina zan kai wa masu shirya bukukuwan kiɗa na bazara da na sani.

Na kuma ji ana maganar sayar da gonar gado don kuɗin makarantar. Hajiya ta ɗauka karatu za ka zo yi. Ka zauna ka gaya mata gaskiyar abin da ke ranka kafin a kira dillali, domin in ta tambaye ni ba zan rufa maka ba. Ka gaishe ta, ka gaida su Baba Malam.