Likita Na Amsa Tambayoyinku: Ɗori, Gwiwa, Maɗiga da Haƙarƙari

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan ƙashi da gaɓɓai suka taru, don haka na tsamo guda biyar. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin ita ce ke hana ni barci.

Wani magidanci daga Ƙofar Marusa: Likita, yarona ɗan shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a gwiwar hannu. Mun kai shi wurin mai ɗori jiya, amma ya kwana yana kuka, yatsun sun kumbura. Kakarsa ta ce haka ɗori yake. Mu jira?

Malam, kada ku jira. Ku sassauta ɗaurin nan yanzu, ku tallafe hannun, ku kai shi asibiti yau ɗin nan, ko da tsakar dare ne kake karanta wannan.

Ga dalili. Babbar jijiyar jinin da ke ciyar da hannu tana bi ne ta gaban gwiwar hannu, dab da inda ƙashin yara ya fi karyewa. Karaya kuma dole ta kumbura. Idan aka jera kara aka tamke da tsumma, kumburin ya rasa inda za shi, sai ya koma ciki ya matse hanyoyin jini. Tsokar da jini ya daina isa gare ta tana fara mutuwa cikin awa 6 ko makamancin haka. Abin da ke nunawa shi ne ciwo mai ƙaruwa maimakon raguwa, yaro ya ƙwalla ihu in an miƙar masa da yatsu, yatsun su yi sanyi, su dusashe ko su yi baƙi, ko ya ce ba ya jin su. Na sha ganin hannun da ƙashinsa ya haɗe sumul amma yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe har abada. Na kuma ga wanda sai da aka yanke.

Ban raina masu ɗori ba. Gado ne a gidaje da dama a ƙasar Katsina da Daura, kuma mutane da yawa sun warke a hannunsu. Sai dai a san wanda ya yi aikin: ƙashi abu ne mai rai, da jininsa da ɓargonsa, shi ke ɗinke kansa. Jini ne ke fara daskarewa a bakin karayar, ya zama wani abu mai taushi kamar guringuntsi, sannan ya ƙanƙare ya zama sabon ƙashi. Hannun yaro kan ɗauki mako 4 zuwa 6, ƙwaurin babba kuwa wata 3 zuwa 4 ko fiye. Aikin mai ɗori da na likita duk ɗaya ne, a daidaita ƙashin a hana shi motsi. Bambancin shi ne mu muna ɗaukar hoto mu ga yadda ya karye kafin mu ja, kuma a kwanakin farko ba ma zagaye hannu da siminti gaba ɗaya, muna barin wa kumburi wuri.

Karaya iri huɗu ba na gida ba ne sam: wadda ƙashi ya huda fata, wadda ta shiga cikin gaɓa, ta ƙashin baya ko wuya, da ta kwatangwalon tsoho. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina na duba irinsu, in abin ya fi ƙarfi akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ka gaishe da Hajiya kaka, ka ce mata likita ya ce a yi haƙuri a wannan karon.

Wani matashi mai buga ƙwallo daga Daura: Na juya da gudu sai na ji ƙas a gwiwa, ta kumbura nan take. An yi hoto an ce ƙashi lafiya lau. Wata 2 ke nan amma gwiwar tana zillewa in na sauko daga mashin.

Samari, hoton bai yi ƙarya ba, bai dai ga abin da ya lalace ba ne. Hausa ta tara abubuwa da yawa ta kira su jijiya: ta jini, ta laka mai kai saƙo, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi irin agara, da kuma wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Ta ƙarshen nan ce ta shafe ka. Manya huɗu ne ke riƙe gwiwa, biyu a gefe da gefe, biyu sun gitta juna a can ciki. Ƙarar da ka ji, da kumburin gaggawa, da zillewar, sun fi kama da tsinkewar ta gaba cikin masu gittawar. Hoton ƙashi ba ya nuna ta. Likitan ƙashi zai gwada gwiwar da hannunsa, in da hali a yi hoton MRI, wanda ke nuna jijiyoyi.

Ba targaɗen idon sawu ba ne da zai warke cikin mako biyu, domin wannan jijiyar ba ta cika haɗewa da kanta ba. Wanda zirga-zirgar yau da kullum kawai yake so, atisayen ƙarfafa cinya a wurin masu gashin ƙashi kan ishe shi. Mai son komawa fili kuwa galibi sai tiyata, sannan kusan wata 9 na atisaye. Ka ajiye ƙwallo tukuna, duk zillewa ɗaya tana cin guringuntsin gwiwar.

Wata uwa daga Rafindadi: Maɗigar jaririyata 'yar wata 8 ta faɗa ciki tun da ta fara gudawa. An ba ni wani haɗi in shafa mata a wurin.

Uwar gida, ciwon ba a kai yake ba, a ciki yake. Ƙoƙon kai ba ƙashi ɗaya ba ne, faifai-faifai ne, kuma a jariri ba su gama haɗewa ba don kai ya iya matsewa wajen haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta samu wurin girma. Shi ya sa ake haihuwar jariri da ƙasusuwa kusan 300, babba kuma ya tsaya a 206, da yawa sun manne da juna a hanya. Maɗiga ita ce ratar da ta rage, takan rufe wajen wata 18.

Faɗawarta na nufin ruwan jikin yarinyar ya ragu sosai. Shafe-shafe ba ya mayar da shi. Ki dama ORS, wato haɗin gishiri da suga na masu gudawa, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba ta da cokali kaɗan-kaɗan, ki ci gaba da ba ta nono, ki kai ta asibiti yau a duba ta a ba ta zinc. In ta ƙi tsotso ko ta yi laushi, da gudu. Kishiyar wannan ma a sani: maɗigar da ta kumburo ta yi tauri tare da zazzaɓi tana iya zama sanƙarau.

Wani ɗalibi daga Dutsin-Ma: Da gaske haƙarƙarin namiji bai kai na mace yawa ba?

A'a. Kowa 24 gare shi, 12 a dama 12 a hagu, mace da namiji. Wasu ƙalilan kan zo da ƙarin ɗaya a gindin wuya. Inda ƙashin mace ya bambanta da gaske shi ne ƙugu, ya fi faɗi saboda haihuwa. Bayanin hadisin halittar Hauwa'u kuma na malamai ne, ni abin da na ƙirga nake faɗa.

Wata Hajiya 'yar shekara 62 daga Ƙofar Ƙaura: Gwiwoyina suna ƙara kamar ana niƙa, sujada ta gagare ni. Ina shan haɗin sanyin ƙashi na kemis, yana yi mini aiki, amma fuskata ta fara kumbura.

Hajiya, Allah Ya ba da lafiya. Sanyi ba shi ya shiga ƙashin ba, ko da yake ciwon kan tsananta da hunturu. Guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙasusuwan gwiwa ne ya zaizaye da shekaru da nauyi, har ƙashi ya fara gugar ƙashi.

Haɗin nan ne ya fi damuna. Sau da yawa akan tarar da diclofenac ko ibuprofen a ciki, masu cin ciki da ƙoda in an daɗe ana sha, tare da prednisolone ko dexamethasone. Waɗannan biyun na ƙarshe su ke kumbura fuska, su tayar da suga da hawan jini, su kuma rarake ƙashin da kike son gyarawa. Amma kada ki yanke shi rana ɗaya, jiki ya saba, yankewar farat ɗaya na iya kayar da ke. Ki ɗauki ƙunshin ki kai wa likita, a auna jini da suga da ƙoda, a janye miki shi a hankali.

Kilo ɗaya da kika rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Ki zauna a kujera ki miƙe ƙafa, ki riƙe ki ƙirga goma, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. A sa miki abin zama a bayi ki huta da tsuguno, ki riƙe sanda a hannun da ke kishiyar gwiwar da ta fi ciwo. Salla a zaune kuwa malamai sun yi bayanin halaccinta ga mai lalura, ki sa jikoki su kawo miki kujera.