Rijiyar gonarmu a Ƙasim: tafasa ruwa yana kashe radiyeshon?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina aikin gonar dabino kusa da Buraida, a yankin Ƙasim na Saudiyya, shekara 7 ke nan, iyalina suna tare da ni. Ruwan rijiyar burtsatsen gonar muke sha. An turo mana murya a WhatsApp cewa ruwan ƙasan Ƙasim akwai radiyeshon, yana sa cutar kansa. Tun ranar uwargida ba ta barci, komai sai ta tafasa shi sau biyu. Muna da yara uku, ƙaramin yana shan madarar gwangwani. Tafasawar ta wadatar, ko mun riga mun cutu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara kwantar wa uwargida da hankali. Wannan ba guba ba ce da ake sha yau a kwanta gobe. Amma mai muryar nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Rijiyoyi masu zurfi a Ƙasim, Ha'il da Tabuk galibi daga shimfiɗar dutsen yashi da ake kira Saƙ suke jan ruwa. Tsohon ruwa ne, ya yi dubban shekaru kwance cikin dutsen da ke ɗauke da yuraniyom da toriyom, kuma waɗannan su ke haifar da radiyom-226 da radiyom-228, sinadarai masu fitar da radiyeshon, da ke narkewa cikin ruwan. Ba wanda ya zuba, halittar dutsen ce. A Jodan ma, inda ake kiran wannan shimfiɗa Disi, binciken da aka buga a 2009 ya samu radiyom mai yawa a rijiyoyi. Sai dai ba kowace rijiya ba ce. Biyu na iya zama maƙwabta, ɗaya lafiya lau, ɗaya ta zarce ƙa'ida.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tafasa ruwa ba ya kashe radiyom, domin radiyom ba rai gare shi ba balle a kashe shi. Mun taso da karatun asibiti cewa a tafasa ruwa saboda kwalara da taifod, kuma gaskiya ne, sai muka ɗauka wuta maganin komai ce. Radiyom ɗan'uwan gishiri ne wajen hali. Uwargida ta fi ni sanin abin da ke faruwa idan miya ta daɗe a kan wuta: ruwa ya ƙone, gishiri ya fito. Haka nan idan lita 5 ta koma 4, tururi ne ya tafi, abin da ake gudu yana nan cikin ruwa kaɗan. Ko da wani ɓangare ya manne a farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin buta, ba abin dogaro ba ne. Tafasawa ta biyu kuwa asarar gas ce kawai. Radon, wata iska mai radiyeshon da radiyom ke haifarwa, ita kaɗai zafi ke kora, ita kuma dama cikin kwana 3.8 rabinta ke ƙarewa. Radiyom-226 shekara 1,600 yake ɗauka kafin ya ragu da rabi. Wace tukunya ce za ta jira shi?

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne, mai tafasawa ya ɗauka ya gama aikinsa, ba zai ƙara neman gwaji ba. Ga shi da wannan ruwan ake dama madarar jariri. Jiki yana ɗaukar radiyom kamar kalsiyam ya kai shi ƙashi, ƙashin yaro kuma shi ke kan ginuwa. Haɗarin kansar ƙashi ƙarami ne, yana taruwa ne da shekaru, amma yara ne a gaba.

Sai masu yawo da na'ura gida-gida. Za su tsoma ƙarafa biyu a kofi, su jona wuta, ruwa ya koma ja-ja ko kore, su ce ga radiyeshon nan ka gani da idonka. Tsatsar ƙarfensu ce ke narkewa. Ɗan alƙalamin nan na TDS ma yawan gishiri yake aunawa, ba ruwansa da radiyom. Radiyom ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwa garai-garai na iya ɗauke da shi.

Ɗakin gwaji ne kawai zai raba gardama. Ka nemi a auna jimillar alfa da jimillar bita, wato nau'o'i biyu na radiyeshon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan alfa bai wuce bekerel (ma'aunin yawan radiyeshon) 0.5 a lita ba, bita bai wuce 1 ba, a sha. Idan ya wuce sai a auna radiyom ɗin kansa: 226 ma'auninsa bekerel 1, 228 kuma 0.1. An tsara su ne don kada ruwan sha ya ƙara wa mutum fiye da milisibat (ma'aunin radiyeshon da jiki ya ɗauka) 0.1 a shekara, alhali matsakaicin abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa, iska, abinci da sararin samaniya kusan 2.4 ne. Ka ga ƙa'idar akwai rata a cikinta. Na san ba kowane kafili, wato maigidan da ya ɗauke ka aiki, ne zai ji daɗin maganar gwaji ba, don haka ka shigo masa ta wajen cewa shi ma iyalinsa suna sha idan sun zo hutu.

Kafin sakamako ya fito, ku koma ruwan tahaliya (tacaccen ruwan da aka cire wa gishiri) na galan ko na famfon gari wajen sha, girki da madarar yaro. Tacewar RO, na'urar da ke tura ruwa ta cikin wata siririyar fata, tana cire mafi yawan radiyom, muddin ana canja fatar tacewar a kan lokaci. Ƙaramar matatar gawayi ba ta yi. Idan wayit, wato tankar ruwa, ke kawo muku ruwa, ka tambayi direba inda ya ɗebo, don wasu daga rijiyar wata gonar suke cikowa. Wanka, wanki da alwala kuwa ku ci gaba da na rijiyar, radiyom ba ya ratsa fata.