Makamashi, Jinka da Ranar da Ba Ta Ƙarya

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto: "Malam, a rediyo nakan ji an ce 'makamashi mai sabuntuwa', wani lokaci kuma 'makamashin da ake sabuntawa'. Wanne ne daidai?"

Malama, na farkon ya fi dacewa. Makamashi tsohuwar kalmar murhu ce: ƙirare, kara, itace, duk abin da wuta ke kamawa. Masu fassarar labarai ne suka faɗaɗa ta har ta haɗa da fetur da gas da lantarki. Shi kuwa sabuntawa aiki ne da wani ke yi, kamar yadda direba ke sabunta lasisinsa. Sabuntuwa 'yar gidan su gyaruwa da dafuwa da yiwuwa ce, wato abin ya auku ba tare da an ambaci mai yinsa ba. Ba wanda ke sabunta rana ko iska. A kasuwa kam, ki ce sola kawai, kowa zai gane.

Wani malamin makaranta daga Maraɗi ya ce: "Duk taron da aka yi kan taimakon ƙasashe masu tasowa su samu wutar sola, sai na ji ɗan jarida ya kawo 'hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka'. Karin maganar ya dace kuwa?"

Ɗan'uwa, ya dace, amma akasarin masu kawo shi ba su taɓa ganin an ɗauki jinka ba. A ƙasa ake haɗa jinka. Mai ɗaki ne ke gina bangonsa, ya nemo gora da zana da shuci, ya ɗaure. Sai an gama yake kiran maƙwabta a kama a ɗora. Kowa ya watse, ɗaki na mai shi ne, kuma babu wanda ke binsa ko kwabo, domin gobe shi ma zai je ɗaukar ta wani. Wannan ce gayya.

To, auna da tashar sola ta Gorou Banda da ke gefen Yamai, mai ƙarfin megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023. Akasarin kuɗinta kashi biyu ne: rance daga hukumar raya ƙasashe ta Faransa, da tallafi daga Tarayyar Turai. Amfaninta ya fito fili, domin a watan Agustan shekarar ne Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulki. Amma tallafin ne kaɗai ya yi kama da ɗaukar jinka. Rance bashi ne, za a biya. Abin da ke damuna ke nan a fassararmu: kalmar "taimako" takan haɗiye agaji da tallafi da rance da zuba jari gaba ɗaya, alhali Hausa ta ba kowanne sunansa. Agaji na wanda masifa ta afka wa ne. Tallafi kuwa daga tallafa yake, a sa hannu a ƙarƙashin abin da wani ya riga ya ɗauka. Mai zuba jari riba yake jira, kuma ba laifi ba ne, a dai faɗa wa mai sauraro gaskiya. Idan ana labarin shirin Bankin Raya Afirka na samar da megawat 10,000 na sola a ƙasashe 11 na Sahel, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi, ina roƙon ɗan jarida ya rarrabe mana nawa ne kyauta, nawa ne bashi.

Tambaya ta ƙarshe daga wani mai sayar da farantan sola a Kano ce. Yana so ya rubuta "rana ba ta ƙarya" a allon shagonsa, yana tambaya ko ya yi.

Alhaji, a matsayin wasa da kalma ya yi daɗi, rubuta abinka. Sai dai ranar da ke cikin karin maganar ba ta sama ba ce, ranar da aka sa ce. Cikonsa shi ne "sai dai uwar ɗiya ta ji kunya": an tsayar da ranar biki, ta zo, kayan ɗaki ba su haɗu ba. Inda maganar ta fi zama daram shi ne alkawarin da ƙasashe masu arziki suka yi a Kofanhegan a 2009, cewa kafin 2020 za su riƙa haɗa dala biliyan 100 kowace shekara domin ƙasashe masu tasowa su tunkari sauyin yanayi. Shekarar 2020 ta zo, kuɗin bai cika ba. Bisa lissafin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta akasarin ƙasashe masu arziki, sai a 2022 aka kai adadin, kuma kaso mai yawa rance ne. A taron sauyin yanayi na 2024 a birnin Baku an sake sa wata ranar: dala biliyan 300 a shekara kafin 2035.